Saƙon da ke riga mara lafiya isa wurin likita: ra'ayina kan Sehhaty, Wasfaty da Nphies

Ba na zuwa taron suna ko biki a Jidda in tashi ba tare da wata ta miƙo mini wayarta ba: "Sista, don Allah duba mini wannan Sihhatin, wai me yake cewa?" Ni ma'aikaciyar jinya ce. A Kano na yi karatu na fara aiki, yanzu kuma ina wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, mai zaman kansa a kudancin Jidda, inda aka ɗora mini sa ido kan cututtuka masu yaɗuwa. Da yake ni kaɗai ce mai jin Hausa a cikin ma'aikatan wurin, duk wanda ya shigo daga mutanenmu bayani ya gagare shi, ni ake kira. Saboda haka na ga tsarin lafiya na kwamfuta na Saudiyya ta fuska biyu, ta wayar mara lafiya da ta kwamfutar da muke shigar da bayani.

Sehhaty ɗin da kowa ya sani, manhajar waya ta Ma'aikatar Lafiya, fuska ce kawai. Aikin gaske a bayanta ake yin sa, inda kwamfutocin asibiti, da na kemis, da na kamfanin inshora, da na Ma'aikatar Lafiya suke aika wa juna saƙo ba tare da mutum ya ɗauki takarda daga wannan ofis zuwa wancan ba. Wasfaty shi ke kai takardar magani daga likita zuwa kemis, kamfanin NUPCO ke tafiyar da shi. Nphies shi ne tsakanin asibiti da inshora, na Majalisar Inshorar Lafiya ne tare da Cibiyar Bayanan Lafiya ta Ƙasa, kuma a kansa ake gina fayil guda ɗaya na kowane mara lafiya. Sai HESN, wanda mara lafiya ba ya ganinsa sam, inda muke kai rahoton cututtuka irin su ƙyanda da sanƙarau. A ganina tsarin ya yi, ya yi ƙwarai ma. Amma kyansa a kan abu biyu ya rataya, lambar da ke jikin katinka da hannun da ya shigar da bayaninka, kuma daidai nan ne mutanenmu suka fi samun matsala.

A gida Najeriya rajista muke cikawa, manyan littattafan nan masu faɗi da ba sa zama a kan tebur sai an karkata su. Ƙarshen wata a zauna a ƙirga: zazzaɓin cizon sauro kaza, gudawa kaza, masu awo kaza, a cika takardar wata a kai ƙaramar hukuma, can a shigar a DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta Norway ta ƙirƙira wadda Najeriya da Sudan duk suke amfani da ita. Abu ne mai amfani, da shi gwamnati ke sanin inda cuta ta yi yawa. To amma adadi ne ke tafiya sama, mutum ba ya tafiya. Matar da aka ƙirga a cikin masu hawan jini arba'in na watan, in ta je wani asibitin gobe ba wanda ya san ta, sai ta sayi sabon kati a fara daga farko. Bayan Ebola ta 2014 aka samar da manhajar SORMAS don bin masu cuta ɗaya bayan ɗaya, wannan ya kusanci abin da nake gani a nan, amma iyakarsa cututtukan da ake sa wa ido. A nan kuwa saƙon na mutum ɗaya ne, da sunansa da lambarsa, kuma a lokacin da abin ke faruwa ake tura shi.

Nphies na fi gani kullum, bari in tsaya a kansa. Mara lafiya ya zo teburin karɓa ya faɗi lambar iƙamarsa. Ma'aikaciya ta buga. Kwamfutarmu ta haɗa saƙon tambaya: wane ne wannan, wane asibiti ke tambaya, wane kamfani ake tambaya, yau wace rana. Saƙon ba kai tsaye yake zuwa kamfanin ba, sai ya bi ta Nphies, shi ya duba ko an cika shi bisa ƙa'ida, sannan ya miƙa. Kafin mutumin ya gama mayar da katinsa aljihu amsa ta dawo: taminsa, wato inshorarsa, na aiki, ajinsa kaza, mustausaf ɗinmu na cikin wuraren da aka yarda masa, ga abin da zai biya daga aljihunsa. Aikin Nphies irin na ɗan kamasho ne a tasha. Ba shi ke tuƙi ba, motar ma ba tasa ba ce, amma shi ya san wadda ke kan layi, kuma ba ya barin kaya su hau sai an ɗaure su yadda ya kamata.

Ɗaurin nan shi ne sirrin abin. Wata ƙungiya mai suna HL7, da aka kafa a Amurka a 1987, ita ta fito da ƙa'idar da ake kira FHIR, kuma a kan zubinta na huɗu aka gina Nphies. Abin da ƙa'idar ta yi shi ne ta ba kowane bayani gurbinsa. Mara lafiya da gurbinsa, likita da nasa, cuta da nata, aikin da za a yi da nasa, sai a tattara su a ƙunshi guda a sa masa kai mai faɗin irin saƙon, daga wa, zuwa ga wa. Kowane saƙo yana da lambarsa, amsar da za ta dawo kuma sai ta ambaci wannan lambar, don haka ba a rikita amsar wani da ta wani. Cuta ma ba da baki ake rubuta ta ba, lamba gare ta daga kundin ICD-10-AM. Amfanin wannan shi ne ba dole kowa ya sayi manhaja iri ɗaya ba. Asibitinmu da tasa, babban asibitin da ke kusa da mu da tasa, kamfanin inshora da tasa, amma duk suna jin juna. Abokan aikina da suka riga ni zuwa suna ba da labarin lokacin da kowane kamfani ke da shafinsa da lambar sirrinsa, wasu ma sai an tura musu fakis an bi da waya. Yanzu ƙofa ɗaya ce.

Inda ake jin jiki shi ne wajen muwafaƙa, wato izinin da kamfani ke bayarwa kafin a yi aiki mai tsada kamar hoton MRI ko tiyata. Ƙa'idar majalisar inshora ta ce kamfani ya amsa cikin minti 60. In ba a amsa nan take ba, saƙo na dawowa cewa an karɓa yana layi, sai kwamfutarmu ta riƙa komawa tana tambaya ko amsa ta sauka. Mafi yawan lokuta tana sauka kafin awar ta cika. Amma saukar amsa daban, abin da amsar ta ƙunsa daban.

Wani dattijo ɗan asalin Zinder, direban wani kamfani ne, ya zo da gwiwa ta kumbura har ba ya iya durƙusawa a sallah. Likita ya nemi hoto. Amsa ta dawo da wuri, an ƙi. Aka kira ni in yi masa bayani. Ya dube ni ya ce, "'Yata, injin ne ya ƙi ni?" Na ce, "A'a Baba, injin ɗan aike ne, bari in duba abin da aka ba shi ya kai." Da na buɗe sai na ga lambar cutar da aka sa ta ciwon gaɓoɓi ce kawai, ba a faɗi wace gaɓa ba, ba a kuma haɗa bayanin cewa ya yi wata biyu yana shan magani ba sauƙi ba. Wanda ke zaune a kamfanin bai ga gwiwar Baba ba, lamba ya gani, lambar kuma ba ta kai a yi hoto ba. Likita ya gyara, aka haɗa bayanin, aka sake turawa, kafin la'asar aka amince. Baba ya ce, "To ai da ma ba ni aka yi na kai da kaina, da na nuna musu ƙafar." Na yi dariya, amma maganarsa ta zauna mini. A da, mai bakin magana yana iya tsayawa gaban ma'aikaci ya yi bayani har a tausaya masa. Yanzu bakinka shi ne abin da aka rubuta a gurbin nan, in wanda ya rubuta yana sauri, kai ka shiga uku. Shawarata ga duk wanda aka ce wa "marfud", wato an ƙi, kada ya juya ya tafi. Ya tambayi dalilin, domin dalilin yana zuwa tare da amsar, kuma sau da yawa abu ne da likita zai gyara a zaune.

Wasfaty kuwa, in da ana ba da maki, shi zan ba mafi yawa. Na 'yan ƙasa ne da waɗanda suka cancanci magani a asibitocin gwamnati, kuma mutanenmu da yawa suna ciki, Hausawi da Barnawi da Fallata da kakanninsu suka zo tun zamanin tafiyar ƙasa. Likita a cibiyar lafiya ta unguwa zai rubuta magani, saƙo ya shigo waya da lamba, ka je kemis ɗin da ke cikin tsarin, irin su Nahdi da Al-Dawaa, ka faɗi lambar katinka da lambar saƙon, a ba ka. Ba layin tagar asibiti, ba rubutun likita da mai kemis zai yi ta juyawa yana ƙanƙance ido. Mai ciwon suga ko hawan jini da aka rubuta wa na watanni, lokacin karɓar kashi na gaba in ya yi saƙo zai tuna masa. Kuma da an ba da magani, kemis na mayar da saƙo cewa an bayar, don haka ba a karɓa sau biyu a wuri biyu.

Sai dai akwai abin da tsarin bai san shi ba game da tsofaffinmu: da kala suke gane magani. Wata Hajiya maƙwabciyata, ta haura saba'in, ta kira ni wani dare wai jiri take ji, cikinta kuma ya ɓaci. Na ce ta kawo mini ledar magungunanta. Ta zazzage a kan darduma. Ga kwali fari da shuɗi, ga wani fari da ja, dukansu metformin ne mai ƙarfi ɗaya, kamfanonin da suka yi su ne daban. Na ce, "Hajiya, wanne kike sha?" Ta ce, "Duka mana. Wannan na suga ne na da, wannan kuma sabon da suka ƙara mini." Ba wanda ya ƙara mata komai. Da sunan sinadarin ake rubuta magani, kemis kuma ya ba da na kamfanin da ke hannunsa a ranar. A kwamfuta komai daidai yake, an rubuta ɗaya, an ba da ɗaya. A kan dardumar Hajiya kuwa biyu ne, saboda na watan jiya bai ƙare ba. Na ɗauki biro na yi wa kwalayen biyu alama iri ɗaya, na ce ɗan'uwan juna ne, ta gama wannan kafin ta taɓa wancan. Duk mai tsoho a gida, ya riƙa zazzage ledar nan lokaci zuwa lokaci.

Ita Sehhaty kanta ba sai na daɗe a kanta ba, kowa ya riƙe ta. Ana neman mau'idi, wato ranar ganin likita, ana ganin alluran rigakafin yara da ranar ta gaba, ana ganin magungunan da aka rubuta, da sakamakon gwaji in wurin da aka yi shi yana cikin waɗanda aka haɗa. Wannan sharaɗin na ƙarshe a kula da shi, domin kashi-kashi ake haɗa asibitoci, kuma rashin ganin gwaji a waya ba ya nufin ba a yi shi ba. Sikilif ma, wato takardar hutun rashin lafiya, ta nan yake fitowa da lambarsa, mai gidan aiki ya duba ya tabbatar, abin da ya rage cinikin takardar hutun ƙarya sosai. Lokacin korona ne yawancinmu muka fara ganin manhaja biyu suna magana da juna da idonmu. An fara allura a Disambar 2020, a Sehhaty ake neman rana, in an yi maka sai ka ga manhajar Tawakkalna ta hukumar gwamnati SDAIA ta canza ta ce "muhassan", wato an yi maka rigakafi, kuma daga 1 ga Agusta 2021 an yi wani lokaci da sai da wannan shaida ake shiga ma'aikatu da manyan kantuna. Wanda aka yi wa tasa allurar a Najeriya ko Nijar kuwa sai ya ɗora takardarsa a shafin ma'aikata ya jira a duba da ido, saboda babu layin saƙo tsakanin can da nan.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne harshe da wayar shiga. Larabci ne da Turanci. Yaran da aka haifa a nan ba su da damuwa, Larabcin ma ya fi musu Hausar sauƙi. Amma iyayenmu da ke jin Larabcin kasuwa ba sa karanta shi, su dole sai da ɗan jagora. Ga kuma lambar sirri da ake turowa wayar da aka yi rajista da ita, wadda sau da yawa ba a hannun mai fayil ɗin take ba. Ta uwa tana wayar babban ɗanta da ke aiki a Yanbu, ta mata tana wayar miji. Na sha tsayawa da mace a gabana muna kiran mijinta yana tuƙi don ya karanto mana lamba kafin lokacin lambar ya ƙare. Wannan wahala ce kawai. Wanda ya fi damuna shi ne sirri. Akwai gwajin da mace za ta so ita ta fara sani kafin kowa, ko da kuwa mijinta ne, ko da kuwa daga baya da bakinta za ta faɗa masa. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutum da ta fara aiki a Satumbar 2023, aka ba da wa'adin shekara guda kafin a tsananta ta, kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Dokar tana hana ni buɗe fayil ɗin da ba ruwana da shi, kowane shiga da na yi yana barin sawu da sunana. Amma ba ta san cewa wayar da ke karɓar saƙon tana aljihun wani ba. Kowace mace ta yi ƙoƙari a mayar da rajistarta kan layin da ke hannunta.

HESN shi ne nawa na kaina. Jidda gari ne da ya san annoba. Tun 1994 zazzaɓin dengi ya zauna a nan, yana lafawa yana tashi, musamman bayan ruwa. A wani asibitin Jidda aka fara gano cutar MERS a 2012, a 2014 kuma ta bazu a asibitocin garin har ma'aikatan lafiya da dama suka kamu. Ga miliyoyin baƙi da ke sauka kowace shekara don Hajji da Umara. Don haka rahoto ba wasa ba ne. Akwai cututtukan da ba a jiran tabbacin gwaji, da an yi zargi ake kai rahoto a ranar, wasu kuma a mako. Yaro ya zo da zazzaɓi da ƙuraje, likita ya ce yana zargin ƙyanda, ni zan shigar: lambarsa, shekarunsa, ranar da ƙurajen suka fito, allurar da aka yi masa, inda yake zaune, makarantar da yake zuwa. Ma'aikatan lafiyar jama'a suna gani a nasu ɓangaren, su kira gidan, su bi waɗanda ya yi hulɗa da su. Wanda ya taɓa jiran takarda ta hau babur zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma ya san darajar wannan.

Ƙorafina a nan a kan wurin aikinmu yake. Manhajar da mustausaf ɗinmu ya saya ta iya magana da inshora tsaf, don nan kuɗi yake, amma wajen rahoton cuta da hannu nake sake buga abin da likita ya riga ya buga. Taga biyu a buɗe, ina kwafa daga wannan zuwa waccan, kuma duk inda aka kwafa da hannu wata rana sai lamba ta juye. Na faɗa a taro ba sau ɗaya ba. Amsar kullum ita ce ana kan magana da kamfanin da ya sayar mana.

Sai adireshi. Rahoton dengi ba shi da amfani in ba a san gidan da sauron yake ba. Akwai adireshin ƙasa, har da gajerensa mai haruffa huɗu da lambobi huɗu, abu mai sauƙin riƙewa. To amma daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 an rushe tsofaffin unguwanni da dama, Gulail, Karantina, Sabil, Kandara da sauransu, inda mutanenmu suka yi shekaru aru-aru. Jama'a suka watsu, wasu gabashin gari, wasu Bahra, wasu Makka. Har yau ina buɗe fayil in ga adireshin gidan da babu shi. Shi ya sa nake tambaya da baki, "Inna, yanzu a ina kuke kwana?" ba "ina ne adireshinku" ba, don in na yi ta biyun, tsohon za a ba ni.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi, wadda ba a son yi a fili. Komai na wannan tsari a kan lambar katin shaida mai alƙaluma goma ya tsaya, ta ɗan ƙasa tana farawa da 1, ta mai iƙama da 2. Sunayenmu ba abin dogaro ba ne, Hadiza a fasfo ta zama Khadija a iƙama, Bilkisu ta zama Balkis, ranar haihuwar tsofaffi da yawa kuma 1 ga Rajab ce saboda ita aka riƙa sa wa wanda ba a san tasa ba. Lambar ce kaɗai ke rarrabe Fatima Muhammad ɗin nan da sauran ɗari. To mun san al'adar da aka daɗe ana yi, wadda ba ta da takarda ta ari ta 'yar'uwarta ta je ganin likita, ga niƙabi, ba mai ganewa. A zamanin fayil ɗin takarda abin yana tsayawa a kabad ɗin asibiti ɗaya. Yanzu ba ya tsayawa.

Wata baiwar Allah mai shekara kusan sittin ta zo mana da ciwon kai. Likita ya duba tarihinta ya ga an rubuta mata maganin ƙarin jini na masu ciki da awo a watannin baya. Ya kira ni, ya ce in tambaye ta. Na ja ta gefe na ce, "Yaya, tsakanina da ke, wa ya yi amfani da katinki?" Ta yi shiru, can ta ce 'yar ƙanwarta ce, ciki ya zo mata da laulayi, ba ta da iƙama, ina za ta kai ta? Ban ga laifin zuciyarta ba, ko ni ce a matsayinta sai na yi tunani biyu. Amma na gaya mata gaskiya. Wannan karon ciki ne, kowa ya gani ya san ba nata ba ne. In da rukunin jini ne fa aka rubuta na yarinyar a fayil ɗinta? In da an rubuta cewa penisilin ba ya yi mata illa alhali yana yi? Ranar da za a kawo ta ba ta iya magana, abin da ke rubuce likita zai bi. Ita ma yarinyar, duk awon da aka yi mata ba ya cikin sunanta, ranar haihuwa za ta zo kamar wadda ba ta taɓa ganin likita ba. Ban da cewa a wajen hukuma da kamfanin inshora wannan zamba ce, kuma yanzu gano ta ya yi sauƙi. Gyara fayil ɗin da ya gauraya kuwa ba aikin minti biyar ba ne, domin bayanin ya riga ya tafi wuraren da ba mu ke riƙe da su ba.

Wanda ba shi da lamba, tsarin nan bai san da zamansa ba. A Hajjin 2024, lokacin tsananin zafin nan, Ministan Lafiya Fahad Al-Jalajel ya sanar da rasuwar mutum 1,301, ya ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin aikin Hajji, kuma gane wasunsu ya ɗauki lokaci saboda ba takardar shaida a jikinsu. Allah ya jiƙansu. Hatta alhazanmu da ke zuwa ta hanyar hukuma, da katin rigakafi na takarda suke sauka, mai shaidar allurar shawara da ta sanƙarau. Tsananin da ake yi kan ta sanƙarau yana da tushe, cutar ta ɓarke a Hajjin 1987, ta sake a 2000 da 2001 da wani nau'in daban, shi ya sa aka koma allura mai kare nau'i huɗu. Alhajin cikin gida a Sehhaty yake neman ranar allurarsa kuma a nan shaidar take fitowa. Alhajin Kano ko Maraɗi kuwa, in yana da ciwon zuciya ko na ƙoda, tarihinsa yana can gida, sai abin da ya iya faɗa ko abin da likitan tawagarsu ya rubuta. Ga wanda ke nan ba takarda, abin da zan iya cewa shi ne layin 937 na shawarar likita ta waya ne dare da rana, 997 kuma na motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilal Ahmar ne in abu ya yi tsanani, kuma gara a biya kuɗin ganin likita da sunan gaskiya a ƙaramin wuri da a shiga fayil ɗin wani.

Masu shirin komawa gida gaba ɗaya su ma akwai abin da ke jiransu. Saƙon nan iyakarsa bakin iyaka. Mutum ya yi shekara ashirin a nan, an yi masa tiyata, an canza masa magani sau da yawa, duk yana rubuce tsaf, amma likitan da zai gani a Kano ko Damagaram ba shi da hanyar buɗewa. In aka yi khuruj niha'i, wato fita ta dindindin, layin waya ya mutu, shi kansa mai fayil ɗin shiga za ta yi masa wuya. Kafin a buga bizar fita, a je asibitin da aka fi zuwa a nemi cikakken rahoto da Turanci, a karɓi sakamakon gwaje-gwajen ƙarshe a takarda, hotuna a sa su a faifai, a buga shaidar alluran yara daga Sehhaty, a kuma sa likita ya rubuta magunguna da sunan sinadarinsu da ƙarfinsu, domin sunan kamfanin da ke jikin kwalin nan ba lallai mai kemis a Sabon Gari ya san shi ba. Rahoton yakan ɗauki kwanaki kafin a sa masa hannu da hatimi, don haka ba a barinsa sai makon tafiya.